Injin da Yake Turje wa Yaya

Mahaifinmu ya rasu ne a kasuwar Maigatari wata ranar Alhamis, yana tsaye yana duba haƙoran wani bijimi. Ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Kwana uku kafin nan dokinsa ya turje a ƙofar gida, ya ƙi ɗaga ƙafa da shi a kai, alhali da wani ya hau sai ya tafi lafiya lau. Muna yara a lokacin, amma babu wanda ya manta da dokin nan a gidanmu.

Shi ya sa, da yayana ya kai shekarun da Baba ya rasu a cikinsu, ya kuma fara dafe ƙirji in ya yi ɗan sauri, tsoro ya shigo mana gida. A ƙarshen shekarun 1970 ne, fari ya wuce, shanu sun fara dawowa, Yaya kuma ya gaji sana'ar Baba da girman jikinsa duka. Ni ina aikin jigilar alhazai, rabin shekara a Jidda, sauran duk inda aka tura ni. Na kai shi wurin wani likita a Kano. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa, ya rubuta magani, sannan ya juyo ya ce mini da Turanci maganin kaɗai ba zai riƙe shi ba. Sai ya yi tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, ba tsayawa. In ba haka ba, kada mu yi mamakin komai.

A mota Yaya ya ce, “Me ya ce maka da yarensu?”

“Ya ce ka riƙa tafiya a ƙasa.”

“Duk doguwar maganar nan?”

Na ce ita ke nan. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba.

Tafiyar rabin awa abu ne mai sauƙi a wasu wurare. A Hambug na ga tsofaffi suna zagaya bakin ruwa, kowa hannunsa a aljihu, babu mai ce wa wani sannu. A Alƙahira ma mutum yakan ɓace cikin jama'a ya yi tafiyarsa. Amma a Gumel, mutumin da aka san shi da mota ba ya taku goma a ƙasa sai wani ya durƙusa gaida shi, kuma dole ya tsaya ya amsa har a kai ga tambayar iyali da dabbobi. Direbobi su taka burki, “Alhaji, lafiya? Shigo in kai ka.” A kwana na huɗu magana ta dawo masa cewa wai ya karye, an ƙwace motar. Ya gwada gonarsa ta wajen Gagarawa, sai 'yan ƙwadago suka ajiye fartanya suka bi shi a baya, suna zaton iyaka yake dubawa. Ya dawo ya ce ya gama.

Ana cikin haka na ji wani Bature injiniya zai bar Kano, yana sayar da kayan gidansa. A cikinsu na ga injin tafiya. Wani dogon dandamali ne da bel ɗin roba mai faɗi a kai, da ƙarafan riƙewa hagu da dama, da ƙaramin akwatin ƙarfe a gaba inda motar da ke jan bel ɗin take. In an kunna, bel ya riƙa gudu baya, mutum ya riƙa takawa gaba, ba ya zuwa ko'ina. Na taɓa ganin irinsa a wani asibiti a Turai. Na saya, na ɗoro shi a akori-kura har Gumel.

A zaure na nuna wa Yaya yadda ake hawa. Matarsa, wadda muke ce wa Hajiya, tana leƙowa daga bayan labule. Akwai wasa tsakaninmu tun tana amarya.

Ta ce, “Ɗan boko, ka je har bangon duniya, abin da ka samo mana ke nan? Jakin da ba ya kai mutum kasuwa?”

Na ce, “Ba ya cin dusa dai, ba kamar wasu ba.”

Aka shigar da shi turakar Yaya, aka ja waya daga janareton gidan. Turakar nan ba wurin shigata ba ce. Ƙane ba ya kutsa kai ɗakin wansa, balle ya tsaya yana kallonsa yana gumi. Na koma Kano hankalina kwance.

Bayan mako biyu saƙo ya same ni in zo. Lokacin bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Na tarar da Yaya a zaure, ya rame a fuska, da shatar ƙarfe a ƙirjinsa. Ya ce makon farko lafiya aka yi. Daga nan, kullum in ya yi kamar minti goma a kai, sai injin ya ɗauke ɗif. Ba ya rage gudu, ba ya ƙara. Ranar farko da ya tsaya, jikin Yaya ya ci gaba, ya daki ƙarfen gaba da ƙirji. Janareto kuwa yana ta aiki, fitilar ɗakin ko ƙyaftawa ba ta yi. In an bar shi kamar minti sha biyar, sai a kunna ya tashi kamar ba shi ba.

Na kira mai gyaran da ke kula da injinan niƙa na unguwar. Da yake baƙon namiji ba ya shiga cikin gida, sai manyan 'ya'yan Yaya biyu suka ciccibo injin suka kawo zaure. Mai gyara ya duba waya, ya duba fis, ya ɗaure bel, ya kunna. Ni na hau, na yi tafiyar minti arba'in. Ko tari bai yi ba. Aka mayar da shi ciki. Washegari da Yaya a kai, minti goma, ɗif.

Na tafi Maigatari na ɗauko wani da ya koyi aikin lantarki a Damagaram, wanda ba ya cewa wuta sai kuran. Aka sake fito da injin zaure. Ya kwance akwatin, ya auna komai da na'urarsa, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa a jikin motar. Ya ce wannan mai gadi ne, in mota ta yi zafi fiye da kima shi ke yanke kuran don kada ta ƙone, in ta huce ya mayar. Na ce to ko nauyin Yaya ne ya fi ƙarfinta? Ya kira wani ƙaton mahauci daga maƙwabta, wanda ya fi Yaya jiki, aka ɗora shi. Ya yi rabin awa yana dariya yana haki. Mai gyaran ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ya ce, “Malam, ɗumi kawai. Wannan inji lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya.”

Yaya yana zaune a gefe yana jin duk wannan. Washegari ya hau a turakarsa, injin ya tsaya.

A makon ne Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Sule Tankarkar dubiya. Aka ba ta labari a tsakar gida. Ta tambaya a hankali, “Da kowa yana tafiya?” Aka ce e. “Sai shi kaɗai?” Aka ce e. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ba ta ambaci doki ba, kuma ba ta bukatar ta ambata.

Na karanta littattafai da harsuna huɗu, na san ƙarfe ba ya jin warin ajali. Amma a ranar nan tsoro ya kama ni kamar kowa. Na auna abin ta kowace fuska, na rasa ta inda zan ɓullo. Inji ɗaya, wuta ɗaya, mutum biyu sun hau lafiya.

Yaya ya daina hawa. Ya daina zuwa kasuwa. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Wata safiya bayan mun karya, ya sa aka kawo wata jaka, ya buɗe mini. Farin yadi ne da ya wanko da zamzam tun zuwansa Makka.

“Ka ga inda yake. Kada a yi ta nema.”

“Yaya, don Allah.”

“Kai ma ka san abin da likitan nan ya faɗa maka. Ni ban iya Turanci ba, amma na iya fuska.”

A nan na gane injin ba shi zai kashe shi ba, zaman nan ne zai kashe shi, kamar yadda likita ya ce. Na sunkuyar da kai na roƙi abin da ban taɓa roƙo ba. Na ce ya hau sau ɗaya tak, a turakarsa, ina tsaye ina gani.

“Ka zo ka kalli yayanka yana haki kamar sa a rijiya?”

“Zan kalli inji ne, ba kai ba.”

Ya ce, “To. In ma faɗuwar ce, gara a gabanka.”

Na yi sallama na shiga ɗakin da rabona da shi tun ranar da aka gina shi. Taga a rufe, an saya ta da labule, don kada maƙwabta su ji ƙara. Zafi kamar gidan burodi. Injin yana kan wata darduma mai kauri, an lulluɓe akwatinsa da kyakkyawan ƙyalle mai aikin hannu, irin wanda ake rufe rediyo da shi. Yaya ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya hau. Na riƙe agogo.

Minti biyar, numfashinsa ya fara fita da ƙara. Minti takwas, leɓunansa suna motsi, na gane kalmar shahada yake yi. Ina duban wuyansa inda jijiya ke harbawa, ina tunanin yadda zan tare mutum mai wannan nauyi. Ban san lokacin da na daina duban agogo ba.

Ɗif.

Ya tafi gaba, na rungume shi ta baya, muka zube tare a kan gwiwa. Ya riƙe ƙirji, idanunsa a rufe. Na kira shi sau biyu bai amsa ba. A na uku ya ce, “Ina nan.” Na kai hannu zan dafa akwatin in miƙe, sai na fizge shi. Ta cikin ƙyallen ma ya ƙona ni.

Na yaye ƙyallen. A gefen akwatin akwai wasu tsagogi da iska ke shiga, na sha ganinsu a zaure. Yanzu babu ko ɗaya a buɗe. An cusa wa kowanne tsumma, an danna da tsinke, tsaf-tsaf, aikin mai haƙuri. Tsagogin ƙasa kuma sun nutse cikin gashin darduma.

Na ɗaga murya na kira Hajiya. Ta shigo a guje, ta ga mijinta a ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

Na ce, “Bai mutu ba. Wa ya sa wannan?”

Ta dubi tsumman. “Ni ce. Zanzaro na gani yana shiga da laka zai yi gini a ciki. Haka ya lalata mini keken ɗinki bara.”

“To da ake fitar da shi zaure fa?”

“Sai in cire mana. In bar baƙi su ga tsumma a kayan Alhaji? A ce gidan nan ba mace?”

Na so in yi dariya, abin da ya fito kuka ne. Na yi mata bayanin ɗan ƙarfen nan mai gadi, na ce inji ma numfashi yake yi, an toshe masa hanci ne. Ta zauna daɓas a bakin gado, ta ce, “Wayyo ni. Ashe ni ce nake kashe shi.” Yaya daga ƙasa ya ce, “Ke dai kin kusa.”

Muka zare tsumman ɗaya bayan ɗaya. Muka naɗe darduma, muka ɗora injin a kan bulo huɗu. Da na kai hannu taga, Yaya ya ce maƙwabta za su ji. Na ce su ji. Na buɗe.

Bai hau a ranar ba, ni ma ban so ya hau ba. Bayani daban, tsoro daban. Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Hajiya tana bakin ƙofa da carbi. Ya hau. Da allurar agogo ta doshi minti goma, na ga ya ƙanƙame ƙarafan har yatsunsa sun yi fari, ya sunkuyar da kai kamar mai jiran bulala. Ni ma na matso bayansa na buɗe hannuwa. Goma ta wuce. Sha biyu. Sha biyar. Bel yana ta gudu. Na taɓa akwatin, ɗumi kawai. A minti ashirin ya saki hannu ɗaya ya share gumi. Da rabin awa ta cika na faɗa masa, shi da kansa ya kashe.

Ya sauko ya zauna, Hajiya ta miƙa masa ruwa a moɗa. Ya sha, ya daɗe yana kallon tarin tsumman da ke gefe, ba a kai ga zubarwa ba.

Ya ce, “Dokin nan na Baba. Wanda ya hau shi bayan ya turje, ka tuna ko wane ne?”

Na ce mai yi masa ciyawa ne.

“Ɗan siriri kamar kara.” Ya juya moɗar a hannunsa. “Ka ga akwai wanda ya ɗaga sirdin ya duba bayansa?”

Na ce ban gani ba.

“Ni ma ban gani ba.”

Ya ce Hajiya ta mayar da jakar nan ƙasan akwati, ta kuma gaya wa direba Alhamis za a je Maigatari.