Ƙugiyata da Leɓen Jaririn Inna

Yayana ya sa na girma ina ganin ni na kashe ƙanenmu. Yanzu yana cewa wasa ne. Ba wasa ba ne.

Lokacin ba a daɗe da tare gulbi a Goronyo ba, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin albasa. Mu yara duk mun san inda jarirai suke fitowa: cikin gulbi suke kwance, sai ungozoma ta tafi da ƙwarya ta ɗauko wanda Allah ya ba gida. Hujja gare mu. Jariri a jiƙe yake zuwa, kuma tsohuwar ba ta shiga gida sai da ƙwarya. Har gardama munka yi ko dam ɗin zai tare su, su daina isowa garinmu Wurno.

Ina da ƙugiya guda da wani masunci ya ba ni. Da ita nake kama 'yan tarwaɗa a bakin magudana.

Da rani Inna ta haihu. Namiji, leɓensa na sama a tsage har hanci. Ya kasa kama nono, bai kai suna ba.

Randa anka rufe shi, Yaya ya ja ni bayan rumbu.

"Ka ga bakinai?"

Na ce na gani.

"Mi ka tsaga bakin kifi hakanan?"

Shi ya ba kansa amsa.

"Ƙugiyarka ta. Shina kwance cikin ruwa shina jiran Inna, kai ko ka fizgo shi. In ta ji, ba ta ƙara kallonka."

Na jefar da ƙugiyar ran nan. Amma shi bai bar ni ba. Baba ya raba mana ban ruwan albasa, yau ni, gobe shi. Duk ranar da ta zama tasa sai ya matso kusa da kunnena: "Ko in faɗa ma Inna?" Sai in ajiye jakar makaranta in ɗauki fartanya. Haka har malam ya gaji da kiran sunana, Baba ya ce dama ba ni da kan boko.

Makarantar ba ta fi yi mini ciwo ba. Inna ce. Na daina zama kusa da ita. In ta miƙo mini fura sai in karɓa kaina a ƙasa. Ta sha tambayata, "Kai, mi niy yi maka?" Ko da na yi wayo na gane jarirai ba daga gulbi suke ba, jikina ya riga ya saba da gudunta. Ta rasu tana zaton ba na son ta.

Bara munka haɗu da Yaya a Rabah, wurin sunan jikansa. Ana cin tuwo ya ɗauko labarin yana ba mutane, har da kwaikwayon yadda nake rawar jiki. Kowa na dariya. Ya dafa ni ya ce, "Yarinta kenan, ƙanena."

Na cire hannunsa daga kafaɗata.

"Yaya, ni ne yaro, kai ka san inda jariri ka fitowa. Albasa na yafe maka, makaranta ma na yafe. Amma uwata ka raba ni da ita tana raye. Wannan ba ni yafewa, kuma kada ka ƙara kirana ƙanenka a gaban mutane."