Norman Hepworth Bai Biya Tara Ba

Mijin yayata, Norman Hepworth, bai taɓa cin kuɗin kowa ba, bai taɓa ɗaga wa mace hannu ba, giya ma sai ranar Kirsimeti. Duk garin Keighley an shaide shi da haka. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ce ƙiyayya ce ta sa ni magana, ko da yake har yau in na hango shi sai raina ya ɓaci.

A masaƙa ya fara aiki yana saurayi. Da aka rufe masaƙar ya koma tuƙin bas, a nan ya tsufa. Ya ga yadda ubansa ya mutu bai bar ko kuɗin akwatin gawa ba, abin kuma ya zauna masa a rai. Don haka ranar da gwamnati ta fito da wani asusun ajiya da ba a cire haraji daga kuɗin ruwansa, Norman ya samu abin yi har ƙarshen rayuwa. Doka ba ta yarda mutum biyu su haɗa irin wannan asusu ba, sai ya buɗe ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan yayata Glenys, amma shi ke juya duka biyun.

Kowace shekara, in Maris ya zo ƙarshe, kafin shekarar haraji ta rufe, za ka gan shi a babban titi cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana bin tagogin bankuna ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kamar zai taɓa gilashi. Wannan ya fi ba da ruwa amma sai ka bar kuɗin shekara biyu. Wancan ruwansa kaɗan ne amma kana iya ɗauka duk ranar da ka so. Ba shi kaɗai ba ne, tsofaffin garinmu da yawa haka suke, sai dai nasa ya fi na kowa.

"Yaya Norman, yau kuma wane banki ka je wa zance?" in ji ni.

"Yi ta dariya, Pauline. Na bakin kasuwa ya ƙara ruwa da kwatan kashi ɗaya cikin ɗari. Kwata guda fa!"

"To Allah ya sa a ɗaura auren da mu."

Glenys takan yi dariya ta zuba masa shayi. Ita ba ruwanta da banki. Abinci ta dafa wa yaran firamare har ta yi ritaya, kuma ko'ina da ƙafa take zuwa. Duk Asabar muna tare a wurin rawar tsofaffi, ita ce ta ƙarshen zama.

Shekarar da kuɗin ruwa ya tashi, Norman ya samo wanda ya fi duka: a kulle kuɗi shekara biyar. Sharaɗinsa, in ka taɓa kafin lokaci, ruwan shekara guda ya tafi a tara. Ya kulle nasa, ya kai Glenys ta sa hannu aka kulle nata. Ya dawo gida da kifi da soyayyen dankali kamar wanda ya ci zaɓe.

Da sanyi ya shigo Glenys ta fara ɗingishi. Likita ya ce ƙashin kwatangwalonta ya cinye, sai an yi tiyata an sa na ƙarfe. Aka sa ta a layin masu jiran tiyata kyauta a asibitin gwamnati, layin kuma ba wanda ya san ƙarshensa. Wani asibitin kuɗi a Leeds ya ce zai yi aikin cikin wata guda, kuma abin da ke asusunta ya isa har da ragowa.

Ina zaune a kicin ɗinsu da rana aka yi maganar.

"A ciro kuɗin mana, me ake jira?" na ce.

"Kin san tarar kuwa? Ruwan shekara guda cif. A ba su haka kawai?"

"A kan ƙafar matarka muke magana, ba tayar bas ba."

"Na biya haraji tun ina ɗan shekara sha biyar, Pauline. Aikin nan haƙƙinmu ne a yi shi kyauta. Layi zai zo. Ko ba haka ba, tsohuwa?"

Glenys ta dubi kofinta ta ce, "Zai zo."

Da ya fita lambu na matso kusa da ita. "Yaya, sunanki ne a kan asusun nan. Gobe in zo da mota mu je ki ciro abinki."

"In shiga banki ba Norman? 'Yan matan da ke aiki a bankin duk sun san shi. Kafin yamma gari ya ɗauka cewa na tsallake shi. Ki bar ni, ƙanwata, zan iya jira."

Mu mutanen nan haka muke. Mun gwammace mu mutu a layi da a ce mun yi gaggawa ko mun kunyata wani a gaban ma'aikacin banki. Wannan hali na ƙona mini rai, kuma a gidanmu aka koya mana shi.

Hawa bene ya gagare ta, aka sauko da gadonta falo. Gaskiya Norman ya yi hidima. Ya koyi girki yana tsoho, ya yi wanki, ya ɗaga ta ya kwantar. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, kai, Glenys ta yi sa'ar miji. Ni kuwa ina kallon yayata tana kumbura a kujera, ƙafafunta sun daina shiga takalmi, numfashinta yana guntulewa. Maris ya zagayo, ya sa kwat ɗinsa ya tafi duba tagogi, wai don ya tabbatar nasa ne har yanzu a sama.

Layin ya zo daga baya. Aka auna ta, likita ya ce zaman wuri ɗaya ya raunana zuciyarta, ba za ta ɗauki allurar barci ba. Aiki ba zai yiwu ba, ko a asibitin gwamnati ko a na kuɗi. Norman ya tambaye shi ko in aka biya za a sake dubawa. Likitan ya girgiza kai kawai.

Ba a daɗe ba ciwon baya ya kama Norman saboda ɗaga ta, dole aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ƙaramar hukuma ta duba ta ce duk mai ajiya irin ta Glenys shi zai biya wa kansa. Da wa'adin shekara biyar ya cika aka buɗe asusun, ba tara, ba haraji ko sisi, kuɗin kuma suka shiga tafiya gidan tsofaffin wata bayan wata, har da ruwan.

Wata Lahadi da rana muka je duba ta ni da Norman. Tana kan keken guragu kusa da taga, an rufa mata bargo a gwiwa. Norman yana ɓare mata lemo.

"Norman," ta ce, "wannan tarar da ba mu biya ba. Me za ta iya saya?"

Na ɗauka zai yi shiru, amma shi ba ya ƙarya, kuma ba lissafin da ba ya kansa. Ya ajiye lemon a cinya.

"Kamar sabon firji da injin wanki. Masu kyau."

"Ka saya?"

"Namu ai suna aiki, tsohuwa."

"Ka saya, Norman. Ka sa su a kicin ɗina, Pauline ta ɗauko mini hoto. Ina so in ga abin da na ba da ƙafata a kai."