Sunan Da Inna Ba Ta Kira

Ranar Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika takwas, aka sa mini rigar sallata aka ce za mu unguwa. Inna ta fita takaba ke nan, bayan rasuwar Baba da ya yi dako a tashar jiragen ruwa har ƙirjinsa ya gaza. Ni da ita da Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, muka hau bas daga unguwarmu ta Karantina zuwa arewacin Jidda, inda wasu masu hali suka gina makarantar kwana ta 'yan mata marayu. A ofis, shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Abla, ta tambayi Inna sunana. Inna na jin Larabci sarai, a Jidda aka haife ta, amma sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Abla ta sake tambaya. Gwaggo ce ta yi wuf ta ce Maryam. Da aka zo sallama aka ce uwa ta rungumi 'yarta, Inna ta kau da fuska wajen taga ta ce wa Gwaggo, "A ce wa yarinyar nan ta yi haƙuri." Na ga Abla ta rubuta wani abu a takarda.

Ni 'yar fari ce, kuma a wurinmu babu abin mamaki a nan. Kakanninmu da suka tako a ƙafa zuwa hajji sun yar da abubuwa da yawa a hanya, amma kunyar ɗan fari sun iso da ita lafiya lau. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane. Ban taɓa jin na rasa komai ba. A gidanmu na katako da kwano, iyali biyar a tsakar gida ɗaya, ni ke bin layin motar ruwa da jarka, ni ke ɓare gyaɗar da Inna ke soyawa a yashi, in na gama in faɗa cikin 'yan carafke har a kira magariba. Ƙanzon shinkafa nawa ne. Ba wanda ya taɓa faɗa, sai dai kullum in tarar da shi a rufe da faifai. In Gwaggo na mini kitso, Inna na can gefe kamar ba ruwanta, sai ka ji ta ce tsagar hagu ta karkace.

Kitson nan shi aka fara kwancewa a makaranta, aka bi gashin da almakashi wai saboda ƙwarƙwata. Ƙararrawa ke tashe mu, ita ke ba mu abinci, ita ke kwantar da mu. Muna goge dogon baranda a durƙushe, muna shanya zanen gado a saman bene. Mu huɗu ne 'yan Hausawa, kuma duk wadda aka ji ta yi Hausa sai ta tsaya da ƙafa ɗaya tana kallon bango har a tashi daga darasi. Ba zan yi musu ƙarya ba, mun ci mun ƙoshi, kuma a can na iya karatu. Horon ma na manta zafinsa. Abin da ya zauna mini, cikin tausayi aka faɗe shi. Wata rana Abla ta same ni ina kuka, ta shafa kaina ta ce, "Kada ki ɓata hawayenki a kan wadda ko sunanki ba ta sani ba."

Daga nan na fara kallon Inna da idon Abla. Ranar ziyara, sau ɗaya a wata, iyayen wasu na sumbatar 'ya'yansu, ita kuwa tana zaune a bakin benci tana tambayar Gwaggo ko yarinyar nan na cin abinci. Abin da na sani tun ina goye ya koma mini wulaƙanci. Ina shekara goma sha ɗaya Abla ta kira ni baranda ta tambaye ni ko ina son komawa gida. Na ɗaga murya, don in burge ta, na ce da Larabci ni ba ni da uwa.

Na fito ina da shekara goma sha huɗu, kunne na jin Hausa, baki ya ƙi. Shekara talatin da ɗoriya muka yi da Inna muna gaisawa kamar maƙwabta masu mutunci. Har yau ba na son hannu a kaina, kuma ina cin abinci kamar ana kora ta. Da na haifi 'yar farina Salma kuwa, da sunanta nake rafka mata kira har Gwaggo ta ce na zubar da kunyar zuri'a.

Sai a zaman makokin Inna Gwaggo ta ba ni sauran labarin. Ashe sau uku Inna na zuwa roƙon a ba ta ni, ana hana ta, don takardar ranar farko ta ce uwa ba ta damu da yarinyar ba. A na ukun Abla ta sake tambayar sunan, Inna ta buɗe baki a gaban ƙanwar mijinta ta ce Maryam. Shi ne aka fita tambayata. Ƙofar ofis a buɗe take, Inna ta ji amsata. Gwaggo ta ce da suka iso gida Inna ta hana a gaya mini.

Yanzu an rushe Karantina, ko inda ƙofarmu take ba zan gane ba. A Waziriyya inda nake zaune, matan zamani na leƙowa ta taga suna ƙwala wa 'ya'yan farinsu kira, ba mai ganin laifinsu, ni ma ba na gani. Nakan dai tsaya da wanke-wanke in saurara har yaron ya amsa. Sau ɗaya Inna ta faɗi sunana a duniya, ni kuma ban ji ba.