Tagwayena na ɗaya ga Janairu

Shekarun baya, lokacin da ƙamshin busasshen tattasai ke shigowa ta tagar biro, wato ofishinmu, har ya sa mu atishawa, ina sitaj, wato koyon aiki, a wani aikin manoman bakin kogin Komadugu, nan Diffa. Mu biyu ne, ni da abokina ɗan Maine, kuma mutum ɗaya za a riƙe. Kowa zai nuna wa Madam, shugabarmu, abin da ya gano a bayanan manoma.

Aikina shi ne in sa kwamfuta ta mayar da kowane kwanan wata lamba. Ɗaya ga Janairu ta zama 1, ɗaya ga Fabrairu ta zama 32, har ƙarshen shekara, ban manta da shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana ba. Da haka ake gane wa ya riga wa dashe. Da 'yan layukan umarnin da na rubuta wa kwamfutar suka yi aiki, daɗi ya sa na gwada su a kan ranakun haihuwar manoman.

Sai ga zane ya fito. Ko'ina ƙasa-ƙasa, amma a kan lamba 1 wani dogon layi ya miƙe kamar dabino shi kaɗai a kwari. Ni ma kuwa ranar aka haife ni. Na ga ƙauyuka cike da tagwayena. Har na fara tsara yadda sanyi da kogi suka haɗa baki suka sa ake ta haihuwa a ranar.

Na jawo abokina. Ya duba, ya kwashe da dariya.

"Mawaƙiya sarkin tsara zance, ke ba ki taɓa ganin katin shaidar kakarki ba? Né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Wanda bai san ranarsa ba, sai a rubuta masa ɗaya ga Janairu."

Na ce, "To, ni tawa ta gaskiya ce."

"Allah ya sa."

Yana iya yin shiru ya bar ni in faɗi gaban Madam, bai yi ba. Na koma na ƙara layi guda, na ware duk masu lamba 1, na rubuta cewa kar a dogara da shekarunsu. Madam ta daɗe tana kallon dabinon nan nawa, sannan ta ce, "Litinin ki zo da wuri." Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Shi kuwa abokina ya samu aiki a garinsu, har yau yana kira na 'yar lamba ɗaya.

Tun lokacin, in na ga lamba ta yi kyau da yawa, sai na tambayi wa ya rubuta ta.

Bara ina yanka kek na ranar haihuwata, mahaifiyata tana kallo, ta ce, "Ke da wannan biki naki cikin sanyi. Ai da damina na haife ki, satin da kogi ya sauko. Babanki ne ya cika takarda da za a sa ki makaranta, lokol."