Wa Ke Matsar Min da Tsinke?

In aka yanka albasa kusa da ni, sauran mutane hawaye suke yi, ni kuwa waige nake yi ko ana bina. Kada ka yi dariya tukuna, tsaya ka ji dalili.

Shekarata goma sha biyu lokacin, a gidanmu na Gwandu, cikin wata bazara mai zafin da kaza ke saka ƙwai ya faɗo a dafe. Yayana da ke jami'a a Kalgo ya zo hutu da wani littafin Hausa na leƙen asiri. Kwana uku ina wanke masa takalmi kafin ya ara mini. Da zai miƙo sai ya riƙe kunnena ya ce, "Asabar ta sama zan koma. Ko ƙwarzane na gani a jikinsa, ka gama ganin littafina har ka yi furfura."

Ni ba ƙwarzane nake tsoro ba, Tsoho nake tsoro, wato kakanmu. Shi ne ya taɓa kama yayata da littafin soyayya ya jefa a murhu, aka tuƙa tuwo da shi. A wurinsa littafin da ba na addini ko na makaranta ba, ƙarya ce aka yi wa bango.

A bayan gida akwai rudu, 'yar bukkar kara da ciyawa da ake jibge albasar rani. Aikina ne in shiga da hantsi in juya albasa, in tsince ruɓaɓɓu. Ba aikin da na tsana kamarsa, sai ga ni ina roƙo a tura ni. Cikin jinkar na cusa littafin. Da na buɗe shi Gwandu sai ta ɓace. Mota na bin mota, ana tsallake katanga da jakar takardun sirri, ga kuma maci amana cikin mutanen jarumin, ba a san ko wane ne ba. In na ji ana kirana, sai in sa tsinken tsintsiya inda na tsaya.

Rana ta uku na bar tsinke a shafi na arba'in, na dawo na same shi a na tara. Na ce ko mantuwa ce. Washegari na bar shi a saba'in, na same shi a sha huɗu, ga kuma ɗigon goro ja a gefen takardar. Wani yana karantawa, kuma mai jan ƙafa ne.

Daga ranar kowa a gidan ya zama abin tuhuma. Kawu na cin goro, Goggo na ci, Kaka matar Tsoho kuwa ba ta rabuwa da shi. Na ƙura wa bakin Goggo ido har ta ce, "Kai lafiya, ko maye ka zama?" In Kawu ya yi tari sau biyu, na ce alama yake ba wani. Akuyar gidan ma ban wanke ta ba.

Sai na yi dabarar jarumina, na barbaɗa toka a ƙofar rudu. Da na dawo na ga sawun takalmin roba, irin wanda duk mazan gidan ke sawa. Amma a gefen kowane sawu akwai ɗan rami zagayayye. Sanda. Mutum ɗaya ke dogara sanda a gidanmu.

Tsoho ne. Na ce shi ke nan, shaida yake tarawa, murhu ya rage. Ranar Alhamis bayan azahar, lokacin da yakan kishingiɗa a gindin darbejiya, na lallaɓa in ceto littafin. Na zura hannu cikin jinka, wayam.

"Wanga kaka nema?"

Yana zaune kan buhu a bayan tarin albasa, da tabaransa mai ɗaurin zare, littafin a cinyarsa.

"Tsoho, don Allah kada ka ƙona, ba nawa ba ne."

"Ashe kai ne ja'irin da ke ɗauke min tsinke! In bar mutum a tasha, in dawo in iske shi wata ƙasa, ban san mi ya kai shi ba. Tokarka kuwa, ko akuya ta gane tarko ce."

Na ce, "Ba kai ka ce ƙarya ce aka yi wa bango ba?"

"Ƙarya ce mana. Dubawa nike in ga iyakarta." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Direban nan, ban yarda da shi ba."

Na gaya masa jibi littafin zai koma Kalgo. Ya auna kaurin da ya rage da yatsa. Boko ɗinsa na yaƙi da jahilci ne, idon kuma ya gaji, shafi ɗaya sai ya kai shi la'asar. Ya miƙo mini ya ce, "Zauna, karanta. Kowa ya tambaya, albasa muke juyawa."

Tun da aka kafa Gwandu albasa ba ta taɓa ganin gata irin na kwana biyun nan ba. Da muka kai ƙarshe, ashe mai dafa abinci ne maci amanar. Tsoho ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Mai rubutun ne bai san mutane ba. Direban ne."

Ranar Asabar Yaya ya karɓi littafinsa yana toshe hanci. Ya buɗe, ya ga ɗigon goro, ya cafko kunnena. Sai muka ji Tsoho daga kan tabarma: "Sakar mishi kunne. In za ka dawo ka riƙo wani, in ga irin ƙaryar da ke ɓata ku."

Yanzu shekarata sha bakwai, littattafan sun koma cikin waya, idon Tsoho kuma ya daina ganin baƙi ko da tabarau. Amma ko da damina, rudu ba ko ɓawo, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai, albasar nan ba ta son juyi?" Kaka dai kallonmu kawai take yi tana taunar goro. Makon jiya da za mu shiga, na ga toka a bakin ƙofa, kuma wallahi ba ni na barbaɗa ba.