Majalisin Ƙasimu a Tekun Yanbu

Duk wanda ya aurar da 'ya a unguwar Bani Harisa ta Madina cikin shekaru talatin da huɗun nan, da wuya a ce ba a kan aikin Ƙasimu baƙinsa suka zauna ba. Shi ne mai ɗinkin majalisi, wato katifun zama da matasan jingina da ake jerawa a jikin bangon ɗakin baƙi. A Madina aka haife shi, jikan Hausawan da suka zo aikin hajji suka yi zamansu. Taurin kansa har haushi yake ba mutane, amma yana da abin alfahari ɗaya da ba mai musa masa: tun da ya buɗe shago ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Yana da tsarinsa. Ba ya karɓar awo ta waya. Sai ya je gidan da ƙafarsa, ya auna bango, ya zauna a kawo masa shayi, ya ga yadda maigidan ke miƙe ƙafa. Auduga yake cusawa dam, ya lulluɓe da karan-miski. Soso kuwa, a cewarsa, na masu son baƙo ya tashi da wuri ne.

Ana nan sai ga Saif, ɗan ƙanwarsa, magidanci ɗan shekara arba'in mai tuƙa jirgin ruwa na shaƙatawa a Yanbu. Jirgin tsawonsa mita goma sha biyu, da ɗakin zama a ciki da benci biyu a waje, kuma iska ce ke tura shi idan an ɗaga shira'i, babban ƙyallen nan da ke jikin dogon sanda. Katifunsa duk sun mutu.

"Ya khali," in ji Saif, wato kawu, da Hausarsa mai tuntuɓe da Larabci, "isfanj nake so, soso, khafif, mara nauyi, siriri. Leda a sama. Kuma a sa maɗauri a ɗaure su a jikin benci."

"Maɗauri? Katifa ce ko jaki?"

"Jirgin yana karkata, khali."

"To ku gyara shi mana!"

Ƙasimu ya hau mota ya tafi Yanbu, tafiyar awa uku, don ya gani da idonsa. Ya tarar da jirgin a ɗaure a bakin gaɓa, ruwa kwance luf. Ya auna, ya zauna, aka kawo shayi, ko ɗigo bai zube ba. Ya dawo yana ta faɗa a mota shi kaɗai: yaran yanzu kenan, komai sai sun zuzuta shi! Karkata ina?

Mako uku ya yi yana aikin. Katifu masu kaurin taki guda, karan-miski ja wur, matasan jingina har goma. Matarsa Zulaiha ta leƙa shagon, ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Ya Abu Sundus, mutumin nan fa ya faɗa maka abin da yake so." Ya ce mata abin kunya ne ɗan ƙanwarsa ya zaunar da baƙi a kan abin da bai fi gurasa kauri ba, kuma a ce daga shagonsa ya fito.

Ranar da ya kai kayan, Saif ya ɗaga katifa ɗaya, ya ji nauyinta. Wa zai ce wa kawunsa a'a a gaban mutane? Sai ya ce, "Tayyib, to. Bas, amma da sharaɗi ɗaya: yau ka biyo mu."

Bayan azahar suka fita, iskar arewa ta fara kaɗawa. Ƙasimu ya hakimce a kan aikinsa a bencin waje, yana shafa karan-miskin. Saif ya kashe inji ya ɗaga shira'i. Ƙyallen ya cika fam, jirgin ya kwanta a gefe ɗaya ya zabura. Katifar da ba a ɗaure ba ta zame da Ƙasimu a kanta. Ya miƙa ƙafa zai dogare bencin da ke gabansa kamar yadda ya ga Saif ya yi, ashe kaurin audugar ya ɗaga shi sama, ƙafar ba ta kai ba. Ya tafi suuu ya bugu da kafaɗa, hularsa ta faɗa teku.

"La ilaha illallah! Za mu kife!"

"La tkhaf, kar ka ji tsoro, khali! Akwai ƙarfe mai nauyi a ƙasan jirgin, shi ke riƙe shi. Haka yake tafiya."

"Haka yake tafiya! Wane irin ɗaki ne wannan da ƙasansa ke komawa bango?"

Bai rufe baki ba Saif ya juya kan jirgin, ya kwanta ɗaya gefen. Daga ciki aka ji matasai goma suna gangarawa bi da bi. Feshin ruwa ya tsallako ya jiƙa komai, audugar ta sha ta ƙoshi, jan rinin ya zuba a kan farar rigar Ƙasimu. Ya haƙura ya sauka ƙasa, a kan katako tsura, ya rungume wani ƙarfe yana huci.

A nan ne ya tuna da kakarsa Kaltuma. Sau nawa ta ba shi labarin yadda ta ƙetare wannan tekun daga Sawakin ta Sudan a jirgin katako, ta ɗaure kanta da ƙullin kayanta a jikin gungumen jirgin da zaninta? Ya ji ya fi sau ɗari, kullum yana ɗaukarsa labarin wahala da imani. Bai taɓa lura cewa maganar maɗauri take yi ba. Haushin kansa ya kama shi, ya fi ciwon kafaɗar zafi.

Da suka dawo gaɓa, Saif ya sassauta murya. "Bar su, khali. Za mu shanya, mu sa a makhzan, ɗakin ajiya. Wallahi ba wanda zai ji a Madina."

Wannan ce ta fi ƙona masa rai. Shekara talatin da huɗu, yau ɗan ƙanwarsa ne zai rufa masa asiri don tausayi? Ya shiga kinkimar katifun ɗaya bayan ɗaya, suna ɗigar jan ruwa, ya loda su a motarsa. Bai yarda kowa ya kama masa ba.

"An dawo min da aiki," ya ce. "Duk wanda ya tambaye ka, haka za ka faɗa masa."

Sannan ya ɗauko tef ɗin awonsa ya sake takawa cikin jirgin.

"Kwance igiyar, mu koma."

"Dahin? Yanzu, khali?"

"Yanzu. Ɗakin da na auna rannan ba shi ne wannan ba. Karkata min shi in auna."