Ranar da Rawanina Ya Shiga Aikin 'Yan Sanda

Na manta abubuwa da yawa a duniya. Na manta karatun aji ukun da na yi, sai ɗan abin da ya maƙale wanda nake rubuta muku wannan da shi. Ko yau da safe sau biyu ina neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma akwai wata safiya guda, shekaru kaɗan kafin yaƙin nan ya watsa mu ya sake tara mu, wadda ba za ta fita daga kaina ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Ita ce safiyar da wani yaro ɗan sanda ya tuɓe mini rawani a gaban gari, kuma na ƙare ina yi masa godiya.

Ƙauyenmu yana cikin Jazira, ba nisa da Sinnar, mu Hausawa a tsakiyar masu jin Larabci. Kowane magidanci yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa, kuma rayuwar hawasha ruwa ce. Ruwan yana zuwa ta tur'a, babbar hanyar ruwa, daga nan a buɗe ƙofar ƙarfe ya gangara ƙaramar kwata zuwa gonaki. Mai buɗewa da rufewa shi ne gafir. Namu wani dattijo ne siriri marar yawan magana, wanda ko uwarsa ce ta dawo duniya ba zai ba ta ruwa ba sai ranarta ta zo.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, mutum mai zuciya a bakin harshe. Ana gobe abin zai faru, a gindin bishiyar mai shayi, a gaban mutum ya fi ashirin, ya nuna gafir da yatsa ya ce, “Ka sake rufe mani ruwa gyaɗata ta bushe, wallahi sai na fasa kanka.” Ban ko ɗago daga kofina ba. Wannan maganar ya sha faɗa wa jakinsa, ya sha faɗa wa rediyonsa, ni kaina ya yi mini alkawarinta tun muna yara, ga kan nawa har yau lafiya lau.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, wata mata da ta fita yankan ciyawa ta dawo da gudu tana salati. Muka kwasa gaba ɗaya. Muka tarar da gafir kwance a kan gaɓar tur'a kusa da ƙofar ƙarfen, ƙeyarsa a fashe, jini ya jiƙa ƙasa, ba ya motsi.

To, mu mutane ne masu tarbiyya, mun san abin da ake yi wa mamaci. Nan take aka juya shi ya fuskanci alƙibla, aka lulluɓe shi da mayafi. Aka tura samari su fara haƙa, aka aika a ɗauko angarib, gadon igiyar da muke ɗaukar gawa a kai. Ni kuma, da yake ni ne babba a wurin, kuma Allah Ya hore mini murya, na karɓi shugabanci ba tare da kowa ya ba ni ba. Na ga wani dogon ƙarfe na kwance ƙusa yashe a gefe, na ɗauka, ya yi mini daidai da hannu, na shiga nuni da shi. Na ce a kawo fartanya a rufe jinin nan, don a wurinmu ba a barin jinin mutum a fili rana ta doke shi, karnuka su shinshina. Yanzu in na tuna, ban san wani ɓarawo da zai iya share bayansa da kyau kamar yadda muka shirya share masa ba, kyauta, da kyakkyawar niyya.

Ana cikin haka maganar jiya ta dawo bakin mutane. Kafin a kawo fartanya har an sami mutum uku da suka ga taubashina ya nufi tur'a da asuba. 'Ya'yan gafir biyu suka tashi daga kuka suka nemi sanduna. Ni kuwa na san gidan taubashina ƙofar kara ce, kuma na san shi ba zai ba da haƙuri ba, zagi zai ƙara.

Allah Ya sa wani ya riga ya buga waya. Sai ga motar 'yan sanda mai buɗaɗɗen baya ta tsaya can nesa, ba ta ƙaraso ba. Na ce a raina, ragwaye, tsoron laka suke. Mutum uku ne: direba, wani dogo, da shawish ɗinsu, wato saje, yaro baƙi ɗan madaidaici wanda na tabbata na girmi ubansa. Ya tako a hankali yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Na tare shi da ƙarfena zan yi masa bayani, ya wuce ni kamar bishiya. Ya durƙusa, ya yaye mayafin, ya sa yatsu biyu a wuyan gafir, ya kara kunnensa a hancinsa.

Na juya na ce wa na kusa da ni da Hausa, don kada ya ji, “Yaron ga gaisawa yake da gawa.”

Bai ɗago ba ya ce, da wata gurguwar Hausa irin ta jikokinmu, “Baba, gawar tana numfashi.”

Ashe kakarsa 'yar Mai Wurno ce, garin 'yan'uwanmu masu jin Hausa. Mu kusan mutum hamsin, da liman a cikinmu, babu wanda ya taɓa wuyan mutumin. Mun ga jini, mun ga shiru, muka yanke masa hukunci, har kabarinsa ya kai gwiwa.

Daga nan ban ga yaron ya ɓata ko numfashi ɗaya ba. Ya naɗe raunin da tsumma mai tsabta, ya ce kada a girgiza wuyan. Angarib ɗin da muka kawo don maƙabarta shi aka ɗauke shi a kai zuwa mota, ta hanya guda da shi ya nuna. Kafin a ɗaga shi ya zana da tsinke inda yake kwance, ya tambaye mu yadda muka same shi kafin mu juya shi. Sannan ya kama hannun babban ɗan gafir, ya zare sandar a hankali ya ce, “Babanka na da rai. A asibitin Sinnar za a nemi jini, naka za a nema. Hau.” Ƙaramin ma ya ce ya hau ya riƙe kan uban. Da haka ya kwashe masu faɗan duka biyu, ba tsawa, ba bindiga.

Motar na tashi sai ga taubashina ya taho yana sakace haƙori, bai san komai ba, yana tambaya wa ya mutu. Mutane suka yi kansa. Shawish ya shiga tsakani, ya zaunar da shi a gindin wata ƙaya, ya tsayar da dogon a kansa. Ya ce da ƙarfi, “Wannan yana hannuna. Wanda ya taɓa shi ni ya taɓa.” Taubashina ya buɗe baki zai fara, na ce, “Kai, yau ɗaya dai ka ara wa bakinka hutu.”

Sai yaron ya juyo kaina, ya dubi hannuna.

“Baba, wannan ƙarfen naka ne?”

“A'a, nan na tsince shi.”

“Ina?”

Na nuna masa da ƙarfen. Ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Ya ce in ajiye shi a kan wata takarda, a hankali, kada in goge. A lokacin ne na ga gashi da jini a bakinsa. Rabin awa ina jagorancin jama'a da abin da aka fasa kan mutum.

Igiyar da suke kewaye wuri da ita ta tafi Sinnar a cikin mota. Ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya sauka a kaina, ainihin kaina. Rawanina fari ne, irin dogon nan da ake naɗawa har hannu ya gaji, kuma abin da ke ƙarƙashinsa sirri ne tsakanina da wanzami. Ya rage murya ya ce, “Baba, ka ba ni aron immarka. In ka fara, sauran za su bayar.” Imma ita ce rawani a bakinsu. Da tsawa ya yi da na ƙi. Amma ya roƙa, kuma mai riƙe da ƙarfen ɗazu ba shi da bakin gardama. Na warware. Rana ta sauka a kan sanƙona, mata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Dattawa huɗu suka bi bayana. Aka ƙulla rawuna biyar, aka kafa ƙotocin fartanya, aka ja da'ira. Fartanyar da aka kawo don rufe jini ita ta zama turken tsaronsa.

Ya ce daga yanzu babu mai shiga. Liman ya ce zai shiga ya yi addu'a, shawish ya ce, “Malam, daga nan ma tana isa.” Omda, mai garinmu, ya iso yana huci, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, yaron ya gaishe shi da ladabi har ƙasa, amma bai matsa ba. Ban taɓa ganin an hana omda wuri a garinsa ba. Na ji wani daɗi wanda har yau nake neman gafararsa.

Abin da ya fi burge ni yana gaba. Saman gaɓa mun riga mun tattake shi kamar masussuka. Amma cikin ƙaramar kwatar, inda laka take, babu wanda ya sauka, don kowa na tsoron jallabiyarsa. Yaron ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sai na ga ya zabura. An kwance ƙusoshin ƙofar ƙarfen rabi, ruwa na tsiyaya ta gefe, yana rarrafe a kwatar zuwa wasu sawaye. Ya cire takalmi, ya zagaya ta sama, ya faɗa cikin laka da kakinsa ya ce, “Ku manoma ne, kun fi ni iya tare ruwa. Mutum uku, ta nan kawai.” Wannan kam aikinmu ne tun muna goye. Kafin ruwan ya ci taku biyu mun ɗaga masa bango. Mai gonar da ranar ruwansa ce ya fara ƙorafi, na ce masa, “Ni kaina ke gasuwa a rana ban yi magana ba, kai dawarka ce za ta yi?”

A cikin lakar akwai sawun karo, amalanken jaki, ƙafa ɗaya da faci, da sawun jaki mai jan ƙafar baya, da takalman mutum biyu. Ya ɗauki hoton kowanne da wayarsa, yana ajiye kwalin ashana a gefe don a san girmansa. Ya aika gidaje aka kawo manyan farantan da muke cin fatur, abincin safe, a kai, ya kife a kan sawayen don rana da awaki. Ranar gari ya yi karin kumallo a kwano.

Sannan ya rubuta sunan duk wanda ya taka wurin, ya duba tafin takalmin kowa. Matar da ta fara gani ya zaunar da ita ita kaɗai, nesa da sauran mata. Shaidun nan uku ya raba su, kowa da bishiyarsa. Da ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, na farko ya ce daga na biyu ya ji, na biyu ya ce na uku ne ya faɗa, na uku ya ce shi dai ya ga kamar za a yi haka. Da manyansa suka iso da azahar da mai bin sawu, su ma ta hanyar nan guda ya shigar da su, yana karanta musu abin da ya rubuta.

Taubashina ya kwana uku a hannunsu, kuma ni na ce wannan kwanan ne ya tsirar da shi. Gafir ya fi mako bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo aka tambaye shi, ya ce shi dai ya ji ƙarar ƙarfe, ya leƙa, sai ya farka a gadon asibiti. Ta baya aka buge shi, bai ga kowa ba. Ku duba fa: da mun rufe jini, mun tattake laka, ruwa ya wanke sauran, babu abin da zai rage a duniya sai maganar gindin mai shayi da shaidu uku. Amma mai bin sawu ya bi jakin nan mai jan ƙafa har wani gari, gidan mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ƙofar suka zo sacewa, mutum biyu, ba ma 'yan yankinmu ba.

Ni ma an kira ni ofis. Ni da na zauna aji uku musamman don kada a taɓa sa ni dangwala yatsa a takarda, ranar yatsu goma aka dangwala mini. Shawish ya ce a jikin ƙarfen ba a sami sawun hannun kowa ba sai nawa, sama da ƙasa. Ya ce, “Baba, ƙarfen kam ka cinye shi. Allah Ya sa ba ka son laka.” Ya miƙo mini rawanina a ninke, an wanke, har da guga.

Ban san inda yaƙi ya kai yaron nan ba. Ina yi masa addu'a duk sanda na naɗa. Abin da ya koya mini, ina da furfura shi ko gemu bai cika ba, shi ne kyakkyawar niyya ma tana ɓarna in ta riga ido isa wuri. Ka fara duba ko akwai rai. In akwai, ka cece shi. Sauran kuwa, kada ka taɓa, kada ka share, kada ka faɗi abin da ba ka gani ba, don wataƙila ran wani yana cikin lakar da kake shirin takawa. Tun daga ranar, duk inda aka yi ihu, nakan isa da hannuwana a baya.

Taubashina da gafir yanzu tabarma ɗaya suke shan shayi. Ya daina yi wa mutane alkawarin fasa kai, sai jaki kawai. Amma ni bai bar ni ba. Duk sanda muka haɗu sai ya gaida rawanin kafin ya gaishe ni, wai shi ne ya yi masa rana, ni kuwa kabari na sa a haƙa. Ba na musu. Nakan gyara naɗin in ce masa yana amsawa.